Wuƙa Ta Riga Jaka Isowa: Tarihin Ɗinkin Hanji Daga Bakin Wanda Aka Ɗinka

A iya rayuwata ban taɓa jin an yi wa babban mutum barka don ya saki iska ba, sai da abin ya zo kaina. Kwana uku bayan aiki na biyu da aka yi mini a ciki, likita yana zagayen safe ya tsaya a gefen gadona, ya yi tambayar da ya saba yi kullum: "Malam, iska ta fita?" Na sunkuyar da kai na ce ta fita da asuba. Ya ce, "Alhamdu lillahi, hanya ta buɗe." Mahaifiyata da ke zaune a tabarma ta ɗaga hannuwa sama tana godiya ga Allah, sai ka ce an gaya mata na samu kujerar Makka.

Ni malamin tarihi ne a wata makarantar sakandare a Maraɗi. Na yi shekara tara ina fama da ciwon hanji, an buɗe cikina sau biyu, kuma tsakanin aikin farko da na biyu na yi wata bakwai ina bayan gida ta wata ƙofa da aka buɗe a gefen cibiyata, cikin 'yar jakar leda da ake mannawa a fata. A waɗannan watanni ba aji, ba majalisa, ko masallacin unguwa sai da aka yi da gaske na koma. Abin da ya rage mini shi ne waya a hannu da halin da aikina ya koya mini, wato idan na ga abu sai na tambayi daga ina ya fito. Sai na shiga bin diddigin ɗinkin da ke cikina da jakar da ke jikina. Na tarar tarihin ya rabu gida biyu. Akwai tarihin yadda aka koyi yanka hanji a ɗinke ba tare da mutum ya mutu ba, akwai kuma tarihin yadda aka koyi rayuwa bayan yankan. Na farkon ya iso ƙasashenmu. Na biyun har yanzu yana hanya.

Shekarun da ciwon ba shi da suna

Abin ya fara mini ina da shekara 27. Da na ci abinci sai ciki ya murɗa, ƙasa da cibiya ta hannun dama. Zawo sau biyar ko shida a yini, zazzaɓi mai zuwa da yamma, ga rama har wandona ya daina zama a ƙugu. Duk lokacin da aka auna jinina sai a ce taifot, in sha magani, in ɗan samu sauƙi, bayan wata biyu a koma gidan jiya. A gida kuwa kowa da sunan da ya ba ciwon. Wani ya ce basir, wani ya ce ɗankanoma, gwaggona ta rantse sammu ne. Na sha jiƙon sabara da na bagaruwa har ɗacin ya daina damuna. Daga baya wani likita ya ce alamun sun yi kama da tibin hanji, aka ɗora ni a kan maganin tarin fuka na wata shida. Fitsarina ya koma ja, ciwo yana nan daram.

Sai da na je Yamai aka zura mini wata na'ura mai kyamara ta dubura, aka leƙa hanjin, aka ɗan tsinko tsoka aka kai awo, sannan aka ce abin da ke damuna ana kiransa cutar Crohn, ana furta sunan kamar Kuron. Likitan ya zana mini a takarda. Ƙaramin hanji yana kai wajen mita shida, babba kuma wajen mita ɗaya da rabi. A wannan cuta garkuwar jiki ce ke afka wa bangon hanji, ya kumbura, ya yi gyambo. Tana iya kama ko'ina daga baki har dubura, amma ta fi son ƙarshen ƙaramin hanji, daidai inda yake haɗuwa da babba. Duk lokacin da gyambon ya warke sai ya bar tabo, tabo kuma yana matse hanya. Ba a ɗaukarta daga wani, ba ta kuma warkewa gaba ɗaya, sai dai a lallaɓa ta da magani.

Wani dare cikin watan Afrilu hanyar ta toshe. Cikina ya kumbura kamar ganga, ina amai kore, ba iska ba bahaya. Kafin la'asar ta kashegari an shiga da ni ɗakin tiyata. Abin da aka yi mini a cikin awa uku a ranar, ɗan Adam ya shafe fiye da shekara dubu yana neman yadda zai yi shi.

Daga kan tururuwa zuwa zare

A zamanin da, wanda mashi ya huda wa hanji sai dai a fara neman likkafani. Dalili kuwa, abin da ke cikin hanji idan ya zuba a cikin kogon ciki yana ruɓar da shi, mutum ya mutu cikin 'yan kwanaki. Duk da haka likitoci ba su naɗe hannu ba. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rayu a Andalus kusa da Ƙurɗuba daga wajen shekarar 936 zuwa 1013, ya rubuta littafinsa At-Tasrif mai kashi 30, ya keɓe kashi na ƙarshe ga aikin tiyata, har da zanen kayan aiki wajen 200. A ciki ya kawo wata dabara da masu magani ke yi: a haɗa leɓɓan raunin hanji, a kawo manyan tururuwa masu ƙarfin baki su ciji wurin, sai a gutsure jikinsu a bar kawunan a maƙale, su zama kamar ɗinki. Ya kuma ambaci ɗinki da siririn zaren da ake yi daga hanjin dabba, irin wanda jiki ke narkarwa da kansa. An fassara wannan kashi zuwa Latin a ƙarni na 12, Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna karatu da shi.

Amma ɗinkin hanji ya ci gaba da warwarewa, domin ba a gane wane gefe ne ke kama wane ba. Sai a shekarar 1826 wani matashin likita a Paris mai suna Antoine Lembert ya nuna cewa cikin hanji mai yauƙi ne, ba ya mannewa da ɗan uwansa, amma fatarsa ta waje mai santsi tana haɗewa da sauri idan an gama ta da irinta. Saboda haka sai a lanƙwasa bakin raunin ciki, a ɗinke waje da waje, kamar yadda tela ke kalmasa bakin riga. A 1887 William Halsted a Amurka ya ƙara gano cewa akwai wani siririn shimfiɗi mai ƙarfi a tsakiyar bangon hanji, idan allura ba ta kama shi ba zaren zai yage naman.

Abu biyu suka sa wannan ilimi ya yi amfani. Ranar 16 ga Oktoba 1846 aka nuna a bainar jama'a a Boston cewa ana iya sa mutum barci da wani sinadari mai suna ita, a yanka shi bai ji ba. A 1867 kuma Joseph Lister a Glasgow ya bayyana yadda wanke rauni da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta ke hana ruɓa. Kafin ƙarni na 19 ya ƙare, likitoci suna yanke ɓangaren hanji su haɗa sauran, mutane da yawa suna tashi. Ƙarin jini da maganin ƙwayoyin cuta irin su fenisilin suka zo daga baya suka ƙara rage mutuwa.

Yadda cutar ta samu suna

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, kuskuren da aka yi a kaina shi ne wanda Turai ta yi shekara da shekaru. Tibin hanji da cutar Crohn wuri guda suke so, kuma kamanninsu ɗaya a ido. Duk hanjin da aka gani ya yi kauri ya matse, sai a ce tibi ne. A 1913 wani likitan tiyata a Glasgow, Kennedy Dalziel, ya ba da rahoton wasu majinyata da hanjinsu ya yi kauri ya sandare amma ba a samu ƙwayar tibi a ciki ba, ya kamanta abin da wata cutar hanjin shanu. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a shekarar da ta biyo, maganar ta kwanta.

A 1932 likitoci uku na asibitin Mount Sinai a New York, wato Burrill Crohn da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka wallafa bayanin majinyata 14 masu kumburi a ƙarshen ƙaramin hanji, suka tabbatar cewa cuta ce mai zaman kanta. An jera sunayensu bisa tsarin haruffa, na Crohn ya zo farko, shi ke nan cutar ta tafi da sunansa. Likitan da ya yi wa majinyatan aiki, A. A. Berg, bai yarda a sa sunansa ba. Da ya yarda, da yau cutar Berg nake fama da ita. Shi Crohn ɗin ya yi tsawon rai, sai a 1983 ya rasu yana da shekara 99.

Jama'ar Amurka sun san cutar ne a watan Yuni na 1956, lokacin da hanjin shugabansu Dwight Eisenhower ya toshe, aka yi masa aikin gaggawa cikin dare a asibitin soja na Walter Reed. Jaridu suka yi ta zana hanjin shugaban ƙasa a shafin farko. Wata biyar bayan haka ya sake cin zaɓe. Ranar da na karanta wannan na daɗe ina tunani. Can ana baza hanjin shugaba a jarida, nan ni ko abokan aikina na ɓoye wa abin da ke damuna, cewa nake yi olsa ce.

Magunguna ma a hankali suka zo. Wata likita 'yar Suwidin, Nanna Svartz, ta haɗa maganin salfasalazin don ciwon gaɓoɓi, sai a farkon shekarun 1940 ta lura yana kwantar da kumburin babban hanji. A 1955 Truelove da Witts a Ingila suka tabbatar da amfanin kotizon ga 'yar uwar wannan cuta, wadda ke sa gyambo a babban hanji kaɗai. A 1998 Amurka ta amince da allurar infliximab, wadda ke toshe ɗaya daga cikin sinadaran da ke hura kumburin. Wannan allura har yau ta fi ƙarfin aljihun malamin makaranta irina.

An daɗe ana ɗaukar waɗannan cututtuka a matsayin na Turawa. Denis Burkitt, likitan da ya yi aiki shekaru masu yawa a Yuganda, ya yi ta bayani a shekarun 1970 cewa cututtukan hanji da dama da suka addabi Turai ba kasafai ake ganinsu a ƙauyukan Afirka ba, ya danganta hakan da cin abinci mai dusa da ganye. Akwai gaskiya a maganarsa. Amma inda babu na'urar leƙa hanji, kuma taifot da atini da tibi suka cika gari, wanda ba a auna ba ba zai shiga lissafi ba. Yanzu dai an tabbatar cutar tana ƙaruwa a Asiya da Kudancin Amurka da Afirka, musamman a birane.

Ƙofa a gefen ciki

Da na farfaɗo daga barcin tiyata, hannuna ya kai kan wata leda a cikina. Na ɗaga zane na ga wani jan nama kamar tumatir ya leƙo ta fatata. Likita ya ce sun yanke wajen santimita 40 na hanji da ya lalace, kuma akwai ruɓa a cikin, ga jikina ba ƙarfi, idan suka haɗa a ranar ɗinkin zai iya ɓallewa. Shi ya sa suka fito da bakin hanjin waje, sai na murmure a mayar. Sunan wannan ƙofa sitoma. Ban ce masa komai ba. Na juya fuska bango, na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar mahaifina.

Ita ma wannan ƙofa tana da tarihinta. A 1710 Alexis Littré ya duba gawar wani jariri a Paris da aka haifa ba dubura, ya ce da an fito da hanjinsa ta ciki da wataƙila ya rayu. Shawarar ta zauna a takarda shekara 66. A 1776 wani likita mai suna Pillore a garin Rouen ya gwada ta a kan wani ɗan kasuwa da ƙari ya toshe wa hanji, mutumin ya yi wajen wata guda ya rasu. A 1793 Duret a garin Brest ya yi wa wani jariri ɗan kwana uku, wannan kuwa ya rayu shekara 45.

To amma wace irin rayuwa? Fiye da shekara ɗari bayan Duret, masu sitoma tsumma suke ɗaurawa, ko soso, ko gwangwani da ɗamara. Wanda aka fito masa da ƙaramin hanji, irin nawa, ya fi kowa shan wuya, domin abin da ke fita ruwa-ruwa ne, ba ya tsayawa, kuma yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci waɗanda ke cin fata kamar wuta. Likitoci sun iya ceton rai, amma mutum ya koma gida ya kulle kansa a ɗaki saboda wari da kunya.

Waɗanda suka kawo rabi na biyu

Nan ne tarihin ya fi taɓa ni, domin yawancin waɗanda suka warware wannan matsala ba manyan masu wuƙa ba ne. A 1944 wani ɗalibi a Chicago mai suna Koenig, wanda shi kansa yake da sitoma, ya taimaka aka ƙera jakar roba da ake liƙawa a fata da gam. A 1952 Bryan Brooke a Birmingham ta Ingila ya kawo gyara ɗan ƙarami mai babban amfani: a juyo bakin hanjin kamar yadda ake naɗe hannun riga, a ɗinke shi da fata, ya zama ɗan bututu mai zuba kai tsaye cikin jaka. Jan naman da na gani a cikina aikin Brooke ne.

A Danmak kuma, a 1954, wata nas mai suna Elise Sørensen tana da 'yar uwa, Thora, da aka yi wa sitoma saboda ciwon daji. Thora ta daina fita, tana tsoron abin ya zubo mata a cikin mutane. Elise ta zauna ta yi tunanin jakar leda mai gam a baki, wadda za a manna, idan ta cika a cire a yar. Ta kai wa wani mai masana'antar leda, Aage Louis-Hansen, ya ƙi. Matarsa Johanne, wadda ta yi karatun jinya ta kuma san abin da majinyata ke ciki, ita ta shawo kansa. Daga nan kamfanin Coloplast ya samo asali a 1957.

A Cleveland ta Amurka, likita Rupert Turnbull ya lura a shekarun 1950 cewa garin ƙaron karaya, wanda ake manna haƙoran roba da shi, yana kama jiƙaƙƙiyar fata yana kuma kare ta. Shekaru da dama da shi aka riƙa kewaye bakin sitoma. Ana samun ƙaron daga wata bishiya a Indiya, kuma 'yar uwarta da ke ba da irinsa tana nan a dajinmu, ita ce kukkuki, har Senigal tana fitar da ƙaronta waje. Ranar da na gane haka na yi dariya ni kaɗai. Turnbull ɗin nan shi ya yi wa wata mata mai suna Norma Gill sitoma a 1954. Da ta warke sai ta dawo asibitin a 1958 tana bin gadaje, tana koya wa sababbin masu sitoma yadda za su kula da kansu. A 1961 suka buɗe makarantar koyar da wannan aiki. Daga majinyaciya guda aka samu sana'a sukutum, wadda yau ake koyarwa a ƙasashe da yawa.

Wata bakwai da jaka

Ni ban samu irin Norma Gill ba. An sallame ni da jaka biyar da takardar magani. Sauran da kaina na koya, da taimakon maiɗakina. Na koyi cewa zafin Maraɗi na watan Mayu yana narkar da gam, jakar da ya kamata ta yi kwana uku sai ta saki a yini ɗaya. Na koyi cewa mai irin wannan sitoma yana zubar da ruwa da gishiri fiye da kima, tunda babban hanji ne ke tsotse su kuma an kauce masa, don haka ruwan gishiri da sukari ya zama abokin tafiyata. Na koyi cewa zogale da rama da aya da gyaɗa suna iya cunkushewa su toshe bakin, sai an tauna sosai ko a haƙura, amma shinkafa da ayaba da tuwo mai laushi da miyar kuka suna ɗaure abin da ke fita. Jakunkuna kuwa sai an aika Yamai, wani lokaci a ce sun ƙare. Wani ɗan kawuna da ke Faransa shi ya riƙa aiko mini.

Daren farko da jaka ta ɓalle a kan gado, na ce wa maiɗakina idan tana so ta tafi gidansu har a mayar mini da hanjin, ba zan riƙe ta da komai ba. Tana naɗe zanen gadon ta ce, "Malam, na wanke na 'ya'yanka uku ban gudu ba. Ɗaga hannunka in goge." Ba mu sake tayar da maganar ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne salla. Yaya mai najasa a manne a jiki, wadda ba ta daina zuba, zai tsaya gaban Ubangiji? Na yi makonni ina salla a ɗaki cikin kokwanto, kafin na yi ta maza na je wurin wani dattijon malami a unguwarmu. Na ce, "Allah gafarta Malam, akwai tambaya, amma mai nauyi ce." Ya saurare ni har na gama, sannan ya jawo Muhtasar na Shehu Halil, ya buɗe babin abubuwan da ke warware alwala, ya nuna mini inda aka yi maganar kafar da ke buɗewa a ƙasan tumbi, abin da ke ciki ya riƙa fita ta nan. Malamin da ya rayu a Alƙahira a ƙarni na 14, shekara ɗari huɗu kafin Duret, ya riga ya tanadi wuri ga irina. Dattijon ya ce, "Ɗana, kai mai uzuri ne, hukuncinka na mai yoyon da ba ya iya riƙewa ne. Ka zubar, ka tsabtace, ka yi alwala, ka shiga sahu. Azumi kuwa ka bi maganar likita, Allah bai ce ka kashe kanka ba." Ranar Juma'ar da ta biyo na je masallaci. Babu wanda ya waiwayo.

Inda muka tsaya

A ɗakin da aka kwantar da ni, yawancin masu sitoma yara ne, kuma ba cutar Crohn ta kawo su ba. Taifot ce. Idan ta yi sati biyu zuwa uku ba a magance ta ba, tana iya huda ƙarshen ƙaramin hanji, wato daidai inda tawa cutar ta ci. Ruwan sha marar tsabta shi ne tushenta. Likitocinmu sun ƙware a wannan aiki, suna ceton yaran da da can sai kabari.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani yaro ɗan shekara goma daga ƙauye. Uwarsa baƙar leda take ɗaura masa da tsumma, fatar cikinsa ta saluɓe kamar an zuba masa tafasasshen ruwa. Wata nas, bayan ta tashi aiki, takan zauna ta nuna wa uwar yadda za ta wanke wurin ta shafa mai. Na ba su biyu daga cikin jakunkunana biyar, na san kuma ba za su kai su mako guda ba. An ce su dawo bayan wata uku a mayar da hanjin. Ba su dawo ba sai bayan kaka, da aka sayar da gero. Na same su lokacin da na koma aikina na biyu. Yaron ya rame har sai da aka yi makonni ana ciyar da shi kafin a iya taɓa shi da wuƙa. Wannan yaro an yi masa aiki irin na ƙarni na 21, ya koma gida ya yi zama irin na zamanin Duret.

Abin da ya rage mana ba ya buƙatar sabon bincike, an gama shi tun shekarun 1950. Jakar sitoma ta shiga jerin kayan da kowane babban asibiti zai ajiye a farashin da talaka zai iya. A horar da nas ko da ɗaya a kowane ɗakin tiyata a kan kula da sitoma. Malamai su faɗi hukuncin mai uzuri a wa'azi, kada sai mutum ya yi makonni yana ɓuya. Waɗanda suka bi ta wannan hanya su riƙa komawa asibiti suna zama da sababbi. Mun ga yadda aka yi ta magana a kan yoyon fitsari a rediyo har mata suka fara fitowa neman magani, wannan ma haka yake so. Sannan duk wanda ya yi watanni yana zawo da murɗar ciki da rama, ko yana ganin jini a bahaya, ana ta ce masa taifot ko basir, ya nemi a leƙa hanjinsa tun hanya ba ta toshe ba.

Yau shekara uku da mayar mini da hanji. Ban warke ba, domin cutar tana yawan dawowa a bakin ɗinkin, shi ya sa kullum ina shan ƙwayar da ke kwantar da garkuwar jiki, ina zuwa awon jini, ana kuma yi mini allurar bitamin B12, tunda ɓangaren da ke tsotse shi ne aka yanke. Taba na bar ta har abada, don tana ƙara wa cutar ƙarfi. Na koma aji. Duk inda zan je nakan fara tambayar inda makewayi yake, na daina jin kunyar hakan.

Ranar Asabar nakan leƙa ɗakin da na kwanta, da 'yan jakunkuna idan na samu. Wanda na tarar ya juya fuska bango, ba na yi masa dogon bayani. Nakan ɗaga rigata in nuna masa tabo biyu, dogo a tsakiya da ƙarami a dama, in ce masa nan tawa ƙofar take a da. Yawanci sai ya juyo, kuma tambayarsa ta farko ita ce ko zai iya salla. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da alheri.